Mai Hagu

Ranar wata Laraba ce, mako biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, mahaifina ya kama ni ina wasa da kwamfutarsa. Na kai masa abincin rana shagonsa da ke bakin titi a Birnin Kudu, inda yake buga wa mutane takardu. Aka kira la'asar, ya ɗauki butarsa, ya dubi bango ya ce, "A duba shago," ya fita. Bangon ni ce, don babu kowa a shagon sai ni. An kawo wuta a ranar, kwamfutar tana kunne tana huci, ni kuwa tun ina ƙarama hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Na kama abin nan da Baba yake kira ɓera, na yi ta danne-danne ban san inda na dosa ba, sai ga gilashin ya yi baƙi, wani dogon teburi mai fitilu ja da shuɗi ya bayyana, da ɗan ƙwallon ƙarfe a lungu yana jira. Na taɓa nan, na taɓa can, har na gano dogon madannin ƙasa ne ke harba ƙwallon sama, wasu biyu kuma, ɗaya a hagu ɗaya a dama, su ke ɗaga 'yan filafilai biyu da ke tare shi idan ya gangaro. Ban san an idar da salla ba, ban ji takun takalminsa ba. Ƙamshin turarensa kawai na ji a bayana, yatsuna suka sandare, ina kallo ƙwallon ya bi ta tsakanin filafilan ya faɗa rami. Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Sai na ji ya ce a hankali, "An bari ya faɗi."

Dole in yi bayani a nan, don yaran yanzu za su ɗauka mahaifina mutum ne mai baƙin rai, alhali duk layin shagunan nan babu mai barkwancinsa. Laifina ɗaya ne, ni ce 'yar farinsa. Gidanmu asalinsu masu shanu ne da suka zauna suka kama noma a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Fulatancin ya tsaya a bakin kakarmu, shanun sun ragu sun koma huɗu, amma kunya ta iso mana cif-cif, ko kaɗan ba ta zube a hanya ba. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya zama da shi tabarma ɗaya, kai ko kallonsa ba ya yi sosai idan da mutane. Wanda ya yi haka sai a ce ba shi da ta ido. Sunana Safiya, kowa na kira, daga mai rake har malamin islamiyya, ban da mutum biyun da suka haife ni. Umma takan ce "ke" ko "'yar nan". Baba kuwa ko "ke" ɗin ba ya yi. Idan yana son abu a wurina sai ya aika maganar ta wani wajen, ya ce "A kawo ruwa," ko "A gaya wa waccan ta rufe kaji," ko da ina tsaye a gabansa kuma babu wanda zai gaya mini ɗin.

Ana yaye ni aka miƙa ni wajen kakata, Inna, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari, kuma ba zan yi ƙarya in ce na sha wahala ba. Na tashi a gida mai rumbu uku da tsamiya a tsakar gida. Gari na wayewa Inna ke tashe ni in riƙe mata ɗan maraƙi tana tatsa, sannan in yi shara, in ɗauki tulu mu bi sahu zuwa rijiya. Da damina ni ce mai bin bayan masu sara da ƙoƙon iri, ina jefa gero ina take ramin da diddige. Da kaka mu yini a gonar gyaɗa muna tsinka har farcenmu ya yi baƙi, a dawo a gasa mana ɗanya a toka. Na iya surfe kafin in iya rubuta sunana. Abin da ya haɗa ni faɗa da Inna ɗaya ne, ni bahaguwa ce. Ta doke hannun nan da ludayi har ta gaji, ta taɓa ɗaure mini shi da ɗankwali lokacin cin tuwo, daga ƙarshe muka yi sulhu, in ci abinci in karɓi abu da dama, sauran duniya kuma na hagu ne. Da shi nake cinye 'yan matan unguwarmu a 'yar carafke har suka daina kirana. Baba yakan zo duk wata a kan babur, da burodi da sabulu. Ya gaida kowa, ya tambayi lafiyar shanu ɗaya bayan ɗaya, ya wuce ni kamar turmi. In zai tafi sai ya miƙa wa Inna ƙunshin alewa ko sabon silifas ya ce, "Na yaran gida." Ni kaɗai ce yarinya a gidan. Inna takan jira ƙarar babur ta yi nisa, ta jefo mini ta ce, "Ungo, yaran gida."

Da na gama firamare aka kawo ni Birnin Kudu don in ci gaba da karatu, a nan ne abin ya fara ci mini rai. A ƙauye ban san akwai wani abu da na rasa ba. A gidanmu kuwa sai na tarar da ƙannena biyu, Nura da Bilki, suna hawa wuyan Baba suna cire masa hula, yana kiran sunayensu har da waƙa. Ina wanke-wanke a bakin rariya ina jinsu. Na yi kishi, ba zan ɓoye ba, har na taɓa mintsinin Bilki ba ta yi mini komai ba. Na san al'ada ce, Umma ma ta zaunar da ni ta ce ai wanda aka fi so ake jin kunyarsa, amma yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba ta cin irin wannan bayanin ta ƙoshi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne takardar shigata makaranta. Baba, wanda ya buga sunan rabin mutanen garin, ya ɗauki takardar ya tsallaka titi ya kai wa Malam Garba, wanda suke kishin sana'a, ya ce ya cike masa. Ina biye da shi da jakata. Malam Garba ya ɗago ya ce, "Sunan yarinya?" Baba ya juya yana kallon motocin da ke wucewa, ni na faɗi sunana da bakina. Tun daga ranar na sa wa raina buri guda, in ji yadda sunana zai fito daga wurin mutumin nan.

Baba ya shekara ashirin da ɗoriya yana buga tafireta. Yatsunsa sun san wurin kowane harafi ba sai ya duba ba, yana bugawa yana hira da mai takarda, kuma yana alfahari da cewa bai san inda ake sayar da farin ruwan gyara kuskure ba. Sai zamani ya juyo, masu neman aiki da 'yan makaranta suka fara cewa su takardar kwamfuta suke so. Ya yi ta ja har ya ga bencinsa ya fara zama babu kowa, sannan ya tafi Kano ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, mai ƙaton ƙeya, wadda wani Bature ya gama da ita a ƙasarsu. Haruffa ba su ba shi wahala ba, sai dai yana dukansu da ƙarfin tafireta har maƙwabta su ji. Ɓeran ne suka kasa shiri. Yana riƙe shi da yatsu biyu kamar zai cije shi, kibiyar ta gudu lungu, ya yi ta salati yana nemanta. Bai yarda da ita ba, ita ma ba ta yarda da shi ba, shi ya sa tafiretar tana nan a gefe an lulluɓe ta da ƙyalle, don ranar da babu wuta.

To, a wannan Larabar, maimakon faɗan da nake jira, sai Baba ya ajiye buta ya jawo benci ya zauna a ɗaya gefen. Ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya fara ba wa kalandar da ke bango labari. Ya ce wannan abin ba sabo ba ne, sunansa fimbol, kuma shi ya san na gaskiyar. Lokacin da yake saurayi yana koyon tafireta a Kano, akwai shagon wani Balarabe mai sayar da lemo, a ciki aka ajiye shi, teburi ne na katako da ƙarfe mai ƙafa huɗu, an rufe shi da gilashi, tsawonsa ya kai gado. Ka jefa kwabo, ka ja wata sanda mai sifirin ka saki, ƙwallon ƙarfe na gaske ya tashi yana dukan ƙararrawa. Ni kuwa a zuciyata na ce Baba ma ashe yana ƙari, ina teburi ina kwamfuta. Na ɗauka Turawa sun zauna ne sun ƙirƙiro abin a cikin gilashi, ban san hoton wani tsohon abu suka kwaikwayo ba. Ya sa hannu ya harba ƙwallon. Ya tare sau ɗaya, ya tare sau biyu, na uku ya nufo tsakiya, sai na ga Baba ya kama teburin shagon da hannu biyu ya hankaɗa. Gilashin ya yi tangaɗi, kwanon miya ya zame, na tare shi da hagu kafin ya kife a kan takardun mutane. Ƙwallon dai bai ji an yi ba, ya faɗa abinsa. Baba ya dubi teburin da mamaki ya ce, "Na Kano yana jin girgiza." Dariya ta ƙwace mini, na toshe baki da hijabi, na saci kallonsa na ga kafaɗunsa su ma suna rawa.

Washegari na kai abinci, na ajiye, na juya zan tafi, sai ya ce da kwamfutar, "Hannun hagun nan ba ya jin magana." Gaskiya ne, yatsansa na hagu yakan makara, ko dai don haka Allah ya yi shi, ko don ya ga dama ya makara, har yau ban sani ba. Ya matsa ya bar rabin benci. Na zauna a can ƙarshe, na miƙa hannuna na ɗora yatsa a kan madannin hagu. Haka muka raba wasan da aka yi don mutum ɗaya, filafilin dama nasa, na hagu nawa. Ba mu kalli juna ba, gilashi muke kallo, kuma wannan ne ya sa abin ya yiwu. Da farko mun yi ta zubar da ƙwallo, ni in ɗauka nasa ne, shi ya ɗauka nawa ne. Sannu a hankali na gane numfashinsa, na san in ya ja iska zai buga, in ya yi gyaran murya yana so in tare in riƙe in gangaro masa. A mako na biyu ne, na shagala ƙwallo ya wuce ta gefena, ya ce, "Mai hagu ta yi barci." Ban ji sauran abin da ya faru a ranar ba. Na koma gida ina ta maimaitawa a hanya. Ba sunana ba ne, amma shi ne abu na farko da mahaifina ya taɓa kirana da shi wanda ba na kowa ba sai ni.

Wasan yana da ƙa'idoji, kuma Baba ne ya kafa su, ga kalanda ya faɗa, ni na ji. Ba a yi sai bayan la'asar, lokacin da masu takardu suka janye. Ba a yi idan mutum ya shigo, ko da gaisuwa ya zo. Ba a yi da janareta, don ba a ƙona fetur a kan wasa, sai ranar da aka kawo wuta, ita kuwa wutar ta fi kowa sanin darajar kanta. Na koyi kallon ƙwan fitilar mai shayin da ke kan hanyar makarantarmu, in na gan shi a kunne sai in ruga gida in zuba abinci tun miya ba ta gama nuna ba. Ni na gano akwai madannin da ke girgiza teburin cikin gilashi, na nuna da yatsa. Baba ya danna, ya ga teburin ya motsa, ya yi ta dannawa har na'urar ta yi fushi ta kashe fitilu ta ƙi ɗaga filafilai. Ya tafa hannu ya ce, "Wallahi har halinsa suka saka! Haka na Kano yake yi in ka matsa masa." Akwai kuma wani allo da ke fitowa idan an gama, mai layi biyar na waɗanda suka fi kowa maki. Duk biyar ɗin sunan mutum ɗaya ne, tsohon mai kwamfutar, suna mai haruffa a cunkushe da ko Baba ya kasa furtawa. Muka sa masa Baturen Sama. Makinsa na ƙasa ma ya yi mana nisa, amma kullum muna matsowa, kuma na lura Baba ya fara riƙe ɓera da dukan tafinsa.

Wata uku muka yi a haka kafin Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta zo ganin likita daga Gwaram ta biyo ta shago. Ba mu ji sallamarta ba. Ta same mu benci ɗaya, kafaɗa kusa da kafaɗa, Baba yana cewa, "Riƙe, riƙe, Mai hagu, turo mini!" Gwaggo ba muguwa ba ce, ita ta goya ni ranar da aka kai ni yaye, kuma ko a ranar da ƙunshin ɗanwake ta zo mini. Amma ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa. Na zame daga benci na durƙusa na gaishe ta. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Idi, ashe haka birni yake mai da mutum? A bakin titi, kowa na wucewa?" Baba, mai gemu da furfura, ya sunkuyar da kai kamar yadda na sunkuyar ranar da ya kama ni. Ya sa hannu ya kashe gilashin.

Daga ranar aka ce Nura ne zai riƙa kai abinci. Ba wanda ya yi mini bayani, ni ma ban tambaya ba. Na koma bakin rariya da wanke-wanke, "a gaya wa waccan" ta dawo kamar ba ta taɓa tafiya ba. In na wuce na ga ƙwan mai shayi a kunne sai in kau da kai. Na ji haushin Gwaggo, na ji haushin Baba, na fi jin haushin kaina da na ɗauka abin zai ɗore. Nura ya ce mini shi ma ya roƙa a nuna masa wasan, Baba ya ce ya lalace. Na san bai lalace ba. Wata rana na ji Umma tana ce wa Baba a ɗaki, "Yarinyar nan ta rame," sai ya ce a ƙara mata nono a fura. Sai da na girma na gane shi ma a tsakiya yake. Mutum ne da aka raine shi a kan cewa ɓoye so shi ne mutunci, kuma yayarsa ba ta faɗi abin da shi kansa bai yarda da shi ba.

Kafin ƙarshen shekarar ƙafafun Inna suka kumbura, ta kasa zuwa ko bakin rijiya, ta aiko cewa ba ta son kowa sai Safiyarta. Aka yanke shawara in koma, a nema mini makaranta a Gwaram in riƙa zuwa daga gida. Ban yi musu ba, ina son Inna, kuma babu abin da ya rage mini a Birnin Kudu. Ana gobe zan tafi, Umma tana zuba abinci, Nura ya miƙa hannu zai ɗauka, ta ce, "Bari. Babanku ya ce waccan ta kai yau." Na ɗauki kwanon na fita. Ƙwan mai shayi a kashe yake. Na isa shago na tarar da duhu, Baba yana buga tafireta, na ajiye abinci na zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, don ban san ko in tafi ba. Aka kira la'asar ya je ya dawo, wuta ba ta zo ba. Ya leƙa titi hagu da dama. Sannan ya zagaya baya, na ji ya ja igiyar janareta. Ya dawo ya sauke labulen ƙofa, abin da bai taɓa yi da rana ba, ya zauna ya bar rabin benci.

Ban taɓa yin wasa irin na ranar ba, kuma ban ƙara ba. Ƙwallo na farko ya tafi da wuri. Baba ya harba na biyu. Daga nan na daina jin ƙarar janareta. Na tare, na turo masa, ya cilla shi sama ya shiga wata hanya da muka daɗe muna nema, fitilu suka yi ta kamawa ɗaya bayan ɗaya, na'urar ta ba mu kyautar ƙarin ƙwallo. Sau biyu ya nufo tsakiya Baba ya girgiza da madanni daidai gwargwado, bai wuce ba. Gumi na sauka a cikin hijabina, yatsana ya yi zafi, ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da na ƙarshe ya faɗi, sai gilashin ya yi abin da bai taɓa yi mana ba. Wani ɗan akwati ya fito da gurbi fari, wani siririn layi yana ƙyaftawa a ciki. Turancina na aji ɗaya ya ishe ni in karanta. Mun ture Baturen Sama daga layi na biyar, ana so a rubuta suna.

Na janye hannuna na ɗora a cinya. Na ɗauka zai rubuta nasa, shi ne mai shago. Can kuma na ce a raina watakila ya yi mini kara ya rubuta Mai Hagu, kuma da ya yi haka da na gode. Baba ya gyara zama irin na aiki, ya ɗora yatsu goma a kan haruffa. Ya daɗe a haka. Mutumin da yake cike shafi kafin ruwan shayi ya tafasa, sai ga shi yana danna harafi ɗaya, ya tsaya, ya danna na gaba, a hankali, ba da dukan tafireta ba. Ina kallo suna fitowa cikin farin gurbin, S, A, F, I, Y, A. Bai tsaya nan ba, ya ba da tazara ya ƙara IDI. Ya danna, allon ya fito, ga Bature sau huɗu, ga ni a ƙasansa da sunan ubana a jikin nawa. Ban iya ɗago kai ba, hawaye na ɗiga a kan hijabina, shi ma bai juyo ba. Muka zauna muna kallon gilashi har janareta ya fara tari. Sannan ya miƙe ya ɗaga labule, ya dubi bango ya ce, "A gaida Inna. A kula da ita."

Na koma Farin Dutse na yi jinyar Inna shekara biyu har Allah ya karɓi abarsa, daga nan makarantar kwana, daga nan aure da aiki. Kwamfutar ta ƙone tun ina aji uku, wuta ce ta zo da ƙarfi ta tafi da ita, mai gyara ya ce babu abin da za a iya cirowa a cikinta. Baba ya sayi wata, sabuwa, babu wasan a ciki, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da shi. Ya aurar da ni yana ce wa mutane "yarinyar wajena". Ya ɗauki 'ya'yana ya kira su da sunayensu yana musu tsiya. Ya yi jinyarsa ta ƙarshe a hannuna, yana cewa "a ɗaga ni", "a ba ni ruwa", ina ɗagawa ina bayarwa, har ya cika.

Yanzu ina koyarwa, kuma ina ganin iyaye matasa suna zuwa ɗaukar 'ya'yansu na fari, su rungume su a bakin ƙofar makaranta suna kiran sunansu da ƙarfi. Mijina ma haka yake yi wa babbarmu a gaban mahaifiyarsa, ba wanda ya riƙe haɓa. Ina jin daɗin haka, kuma ba zan so a mayar da kowace yarinya bakin rariya tana sauraron sunan ƙannenta ba. Amma ba na iya jin haushin mutanen da, na san abin da suke ɗauke da shi a ciki. Kwanaki 'yata ta saukar mini da fimbol a waya, mai teburi kala-kala, wai duk an kwaikwayo su ne daga na ƙarfen da aka yi yayi a da. Ya fi namu kyau nesa ba kusa ba. Tun kafin ka harba ƙwallo ɗaya yake tambayar sunanka, na rubuta da kaina, ya karɓa, ban ji komai ba. Na yi wasa biyu na ajiye wayar, na zauna ina tunanin wani tsoho da ya ƙona fetur ya sauke labule don ya faɗi abin da bakinsa ba zai iya ba. Sau ɗaya mahaifina ya kira sunana, da yatsu ya kira, kuma na ji.